Tikitin Alƙahira Mai Araha

Na kai shekara ɗaya da wata biyar a Kuala Lumpur ina karatun digiri na biyu a fannin haɗa magunguna, lokacin da Yaya Kabiru ya kira ni ya ce suna Alƙahira da Baba. Ranar Lahadi ce, ina tsakiyar wanki, hannuna duk kumfa. Ban ma san Baba ba shi da lafiya ba. Duk Juma'a muna waya da shi, minti uku ko huɗu, ya tambaye ni karatu da ruwan saman ƙasar da ba ya ƙarewa, ni kuma in tambaye shi mutanen gida. Ashe wata biyu ke nan daga kwance yake min magana. Ciwon hanta ne, in ji Yaya. An gwada a Kano abin ya ƙi, aka ce a fita da shi, suka sayar da motar gida suka fita. Baba ya hana a gaya min, amma shi Yaya ya ga abin ya wuce ɓoyo. Na tambaye shi me likitoci suka ce. Ya ce, "Sun ce akwai ɗan lokaci. Amma Saudatu, in za ki iya zuwa, ki zo."

Sai na ɗan yi bayanin gidanmu kafin a gane abin da na yi bayan nan. In ka ce wa mutumin Kano daga Nassarawa GRA kake, ya gama yanke maka hukunci: gidan kuɗi ne. Gidanmu kuwa tsohon gidan gwamnati ne da Baba ya samu ya mallaka kafin ya bar aiki. Fili ne mai faɗi, da itatuwan mangwaro da darbejiya, da rufin kwano mai yoyo a ɗakin baƙi. Daga waje ka ga gida, ciki kuwa fansho ake jira. Da na samu gurbin karatu a Malesiya, Shari'a ta kankama a gari, kowa ya zama malami. 'Yan uwa suka yi ta sintiri suna cewa bai dace budurwa ta tsallake teku ba muharrami ba. Baba ya saurare su ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo musu ruwa, sannan ya sayar da filinsa ɗaya tilo da ke Kaura Goje ya biya min makaranta. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Abin da ya rage na kuɗin filin nan shi ne a hannuna, kuma na zangon karatu na ƙarshe ne. Ban taɓa kallonsa a matsayin kuɗina ba. Filin Baba nake gani.

Biza ta ɗauke ni kwana takwas, duk da takardar asibiti da Yaya ya turo. A kwanakin nan na koyi abin da ban taɓa sani ba game da tikitin jirgi. Kullum in na fito daga aji sai in wuce ɗakin kwamfuta na makaranta, in rubuta Kuala Lumpur, in rubuta Alƙahira, in zuba ido. Farashin safe daban, na yamma daban. Abin da na gani jiya na ce ya yi tsada, yau in na koma sai in tarar ya ƙaru. Ɗalibai kuwa kowa da fatawarsa. Wannan ya ce a tsakiyar mako ake samun sauƙi, wancan ya ce ki jira dab da tashi za su karya, wata ta ce tikitin zuwa da dawowa ya fi na zuwa kaɗai araha, abin da har yau ban gane hikimarsa ba.

Ranar Litinin da biza ta fito, na tafi ofishin wata mai sayar da tikiti a hawa na uku na wata babbar kasuwa. 'Yar asalin Sin ce, dattijuwa, ana ce mata Misis Lim, tabaraunta na rataye da zare a wuya. Ba ta da fara'a, amma ta san aikinta. Ta daddanna kwamfuta ta ce akwai kujera ɗaya jibi Laraba, tsayawa ɗaya ce a hanya ta awa biyu, ranar Alhamis da safe ina Alƙahira. Ta rubuta kuɗin a ƙaramar takarda ta turo min. Da na duba, kusan duk abin da nake da shi ne. In na biya, zangon ƙarshe ya tafi, digirin ya tafi, filin Kaura Goje ya tafi a banza.

Na ce mata zan yi shawara. Ta ɗora tabarau ta dube ni, ta tambaye ni wa zan je gani. Na ce mahaifina, yana asibiti. Ta ce za ta riƙe min kujerar zuwa ƙarfe biyar na yamma, bayan nan ba ta da iko.

Na zauna a wani benci a ƙasan kasuwar, takardar na hannuna. Na ga ƙarfe uku, na ga huɗu. Abin da ke yawo a kaina shi ne maganar Yaya, sun ce akwai ɗan lokaci. Na riƙe kalmar nan kamar likitocin sun sa min hannu a kanta. Ƙarfe biyar ta yi ina zaune. Ban hau ofishin ba, ban kuma tafi ba, sai da aka kira magariba a wani masallaci can nesa sannan na tashi.

Washegari wata ɗaliba 'yar ƙasarmu ta haɗa ni da Nasiru. Ɗan Hotoro ne, ya daɗe a Malesiya, ba wanda ya san takamaiman abin da yake karantawa, amma kowa ya san shi da harkar tikiti. Da ya ji sunan Baba sai ya dafe ƙirji, ya ce ai kawunsa ya yi aiki a ƙarƙashinsa, mutumin kirki, ba ya cin haram. Ya yi min Hausar gida, ya kwatanta min mai tsiren da ke kwanar layinmu, har na ji ƙwalla ta taru a idona. Ya ce yana da mutum a cikin kamfanin jirgi da ke fitar da kujerun ma'aikata, zai samo min ta ranar Asabar a kan rabin kuɗin da Misis Lim ta faɗa. Na ba shi a hannu. Da yamma ya kawo min takarda mai ɗauke da sunana da lambar jirgi da lokacin tashi, komai tsaf. Na kira Yaya na ce ina nan tafe ranar Lahadi. Na ji yana gaya wa Baba, na ji muryar Baba daga nesa yana cewa madalla.

Ranar Asabar na isa filin jirgi tun awa huɗu kafin lokaci. Matar da ke kan kanta ta karɓi takardar, ta danna, ta sake dannawa, ta kira wani ya zo ya duba. Cikin ladabi suka yi min bayani cewa wannan ba tikiti ba ne. Kujera aka kama da sunana, ba a biya ba, kwamfuta ta soke ta tun ranar Alhamis. Na ce su sake dubawa. Suka sake. Mutanen da ke bayana a layi suka fara gyaran murya, sai na ja akwatina gefe.

Nasiru ya ɗauki wayata sau ɗaya. Da farko ya ce kuskure ne daga mutuminsa, a ba shi mako guda. Da na fara kuka na ce masa mahaifina ne fa ke kwance, sai muryarsa ta sauya. Ya ce, "Haba Hajiya, ke fa 'yar GRA ce. Wannan ai kuɗin cefane ne a gidanku." Ya kashe. Ban sake jin muryarsa ba, ban kuma sake ganinsa ba har na bar ƙasar.

Da na kira Yaya ban iya faɗa masa gaskiya ba. Cewa na yi an samu matsala, babu kujera, jirage duk sun cika. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ya ce ga Baba. Muryar Baba ta yi siriri, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. Ya ce shi bai so aka tayar min da hankali ba, karatu ya tura ni. Na ce na riga na taho, Baba, saura jirgi kawai. Ya ce, "To, Uwata. Ina nan."

Ranar Litinin na koma wurin Misis Lim da rabin kuɗi da kunya. Ba ta tambaye ni ina na shiga ba. Ta dubi takardar Nasiru, ta ninke ta ta miƙo min, ta ce in nuna mata abin da ya rage. Ta fi awa ɗaya tana nema, tana waya cikin yarensu, tana tsaki. A ƙarshe ta haɗa min hanya: Laraba in tashi zuwa Kolombo, in jira can, in wuce Dubai, daga Dubai in hau wani jirgin na wani kamfani daban zuwa Alƙahira, in isa ranar Juma'a. Ta ce in saurara da kyau. Tikiti biyu ne, ba ɗaya ba. In na farko ya makara na rasa na biyu, babu wanda zai ɗauki alhakina. Ta ce ita da 'yarta ce ba za ta ɗora ta a wannan hanya ba, amma iyakar abin da kuɗin zai iya ke nan. Ba ta karɓi ladanta ba. Na kira Yaya na ce Juma'a, in Allah ya yarda, wannan karon tabbas ne.

Kolombo ban ga komai nata ba sai filin jirgi da itatuwan kwakwa ta bayan gilashi. An ce jiran awa tara ne. Awa tara ta cika, allo ya nuna an ɗaga. Aka sake ɗagawa. Wani ma'aikaci ya ce jirgin da zai ɗauke mu bai ma taso daga inda yake ba, akwai abin da ake gyarawa. Na je na nuna musu tikitina na biyu, na roƙe su, suka ce wannan ba nasu ba ne. Layin wayata na Malesiya ya daina aiki tun da muka sauka, wayar ta zama agogo kawai.

A nan wata mai shara ta same ni ina neman inda zan yi sallah. Baƙa ce siririya, ta manyanta, ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarenta. Ta ga na ɗaga hannu ina kwatanta kabbara, sai ta ja ni zuwa wani lungu kusa da inda suke ajiye tsintsiya, ta goge wurin duk da a goge yake, ta shimfiɗa min kwali. Ba Musulma ba ce, akwai jan ɗigo a goshinta. Da na idar na tarar tana tsaye ta juya baya tana tare masu wucewa. Ta zuba min shayi mai madara a murfin filas ɗinta, ta tsaya har na shanye. Ta ɗora hannu a kumatuna ta faɗi wata magana, ta ɗauki bokitinta ta tafi. Mun kwana a Kolombo a kan kujeru, sai washegari da rana muka tashi.

Da muka sauka Dubai, jirgin Alƙahira ya yi awa shida da tafiya. A kantar kamfanin wani saurayi mai gyararren gemu ya ce tikitin nawa irin mai araha ne, ba a sauya shi, ba a mayar da kuɗinsa, ya mutu. In ina so in sayi sabo, akwai kujera ranar Lahadi da safe. Abin da ke jakata ko sulusinsa bai kai ba. Ba ni da bizar fita gari. Na ja akwati na shiga cikin wannan filin jirgi mai kama da birni, shagunan zinare da turare da agogo ko'ina, fitilu na ƙyalli, ni kuma ina lissafin ko in sayi ruwa ko in sha na famfon banɗaki.

Na sayi katin waya mafi ƙanƙanta. Lambar da Yaya ya ba ni ta gidan da ya kama haya ce, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, yana asibiti. Na kira asibitin, wata ta yi min Larabcin Masar da sauri kamar ana korar ta, na yi ta faɗin sunan Baba, ta ajiye. Na kira wayar Hajiya, mahaifiyata, a Kano. Wanda ya san layukan waya na shekarun nan ya san yadda suke, sai ka kira sau goma kafin ɗaya ta shiga. Tawa ba ta shiga ba har katin ya ƙare. Juma'ar da na yi wa Baba alkawari ta wuce ina zaune a ƙasa kusa da wata ƙofar shiga jirgi, na jingina da akwati.

Ranar Asabar da hantsi na ji Hausa. Wata mata ce ke faɗa da buhun kayanta da ya ƙi rufuwa, tana ce masa yau sai ka rufu ko ka fashe. Kakkaura ce, da siket da riga na atamfa, kanta ba ɗankwali, da ƙaramin gicciye a wuya. Ban san lokacin da na ce mata sannu da aiki ba. Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "'Yar nan, wa ya mutu?" Na ce ba kowa tukuna.

Sunanta Rifkatu, 'yar Zariya ce. Ta yi shekara goma sha tana koyarwa a wata firamare a Gama cikin Kano, albashi ya gagara, ta koma sarin takalma da jakunkuna. A shekarun nan an sha zaman ɗar-ɗar tsakaninmu da Kiristoci, ita kanta ta ce min akwai unguwannin da ta daina shiga da yamma. Amma ba wannan ta tsaya yi ba. Ta zaunar da ni a kan buhun, ta ciro ƙuli-ƙuli da burodi daga jaka ta ce in ci kafin in yi magana. Na gaya mata komai, har da abin da ban gaya wa Yaya ba. Ba ta ce na yi wauta ba, ba ta kuma ce ban yi ba. Ta tambayi nawa ya rage a cike, ta zazzage wata baƙar leda ta miƙe.

Ina kallonta ta nufi inda 'yan kasuwarmu suka taru suna jiran jirgin gida. Ta durƙusa gaban wasu Hajiyoyi 'yan kasuwar Kwari ta yi musu bayani tana nuno ni. Ta wuce wurin wasu Inyamurai masu kayan gyaran mota ta yi musu nasu yaren. Wani Alhaji ya ce shi ya gaji da irin waɗannan labarai a filin jirgi, ta ce masa to ya taso ya dubi idona ya faɗa. Bai taso ba, amma ya sa hannu a aljihu. Kafin azahar ta dawo da ledar, dala da dirhami da riyal a cakuɗe, ta cike sauran daga cikin ɗan tofinta. Ita ta raka ni kantar kamfanin, ta tsaya a kan saurayin nan har ya buga tikitin, ta karɓa ta karanta da kanta ta tabbatar an biya. Na cire 'yan kunnena na zinare zan ba ta, ta buge min hannu. Ta ce in na isa in gaishe da Baba, in ce masa wata malamar makaranta tana yi masa addu'a. Da la'asar aka kira jirginsu. Ko lambarta ban karɓa ba, hankalina ba ya jikina.

Na sauka Alƙahira ranar Lahadi da azahar. Mai tasi ya zaga da ni gari ya karɓi ninkin abin da ya kamata, ban yi musu ba. A asibitin na nuna sunan Baba a rubuce, aka nuna min hawa na huɗu. Na tsaya a bakin ɗakin na gyara mayafina, na goge fuska, na shirya murmushin da zan shiga da shi. Da na tura ƙofa, wani Balarabe ne a kan gadon, matarsa na ba shi miya a cokali.

Na zaci ya rasu. Na zauna a ƙasa. Wata nas babba, mai suna Na'ima, ta zo ta ɗaga ni ta kai ni ofishinsu. Tana ɗan jin Turanci. Da ta ji sunana sai ta riƙe baki. Ta ce bai rasu ba, sun tafi gida. Yau da safe suka bar asibiti, jirgin Kano ya tashi da hantsi. Na lissafa, lokacin da nasu ke tashi, nawa yana sama ya nufo garin. Awa uku ne tsakaninmu, a filin jirgi ɗaya.

Ita ta ba ni sauran labarin, ba don ta ƙona min rai ba, ita a ganinta abin alfahari take gaya min. Tun farkon makon likitoci suka ce babu sauran abin yi, a kai shi gida cikin iyalinsa tun yana iya zama a jirgi. Jirgin Kano sau biyu yake tashi a mako, Laraba da Lahadi. Yaya ya samu kujeru ranar Laraba, Baba ya ƙi, ya ce 'yarsa na hanya, Juma'a za ta iso. Ranar Juma'a tun da safe ya sa aka yi masa wanka, aka sa masa farar riga da hula, aka tayar da shi zaune aka jera masa matasai a baya, don kada in shigo in same shi a kwance. Zama yana ba shi wuya ƙwarai, in ji ta, amma haka ya wuni yana kallon ƙofa. Yaya ya tafi filin jirgi ya dawo shi kaɗai. Ranar Asabar ma Baba ya sa aka sake sa masa hular. Da yamma likita ya ce in suka wuce jirgin Lahadi, ba ya jin za a ƙara yarda a ɗauke shi. Sannan ne Baba ya daina musu.

Yaya ya bar saƙo wurin wani Malam Sabi'u, mutumin Kano da ya daɗe yana karatu a can, yana yi wa marasa lafiyarmu tafinta. Shi ya zo ya ɗauke ni ya kai ni wurin matarsa. Suka ba ni ɗakin 'ya'yansu. Washegari na sake komawa abin da na baro, neman kujera, wannan karon daga Alƙahira zuwa Kano. Malam Sabi'u ya yi ta yawo da ni ofis-ofis. Jirgin Laraba ya cika maƙil da majinyata da 'yan kasuwa, aka sa sunana a jerin masu jiran tsammani. Hajiya ta sayar da abin da ta sayar aka turo kuɗi. Ranar Laraba na je filin jirgi da akwatina, na tsaya har aka rufe ƙofa, ba wanda ya fasa tafiya. Aka ba ni ta Lahadi.

Da la'asar ɗin Larabar nan waya ta shiga. Hajiya ta ce ba ya iya magana sosai, amma yana ji, za ta kara masa a kunne. Na ji numfashinsa. Bayan numfashin kuma na ji gidanmu: kukan kurciyoyi a kan mangwaro, ƙarar ƙofar gareji da ba a taɓa sa mata mai ba, wani yana alwala a bakin famfo. Na ce Baba ni ce, ina Alƙahira, na zo. Na ce ya yafe min. Na yi ta maimaitawa. Can ya yi wani sauti, sai Hajiya ta karɓi wayar ta ce cewa ya yi Allah ya yi miki albarka. Ban sani ba ko abin da ya faɗa ke nan, ko Hajiya ce ta fassara min yadda zan iya ɗauka. Ban taɓa tambayarta ba.

Ya rasu ranar Alhamis bayan azahar, aka kai shi kafin magariba. Matar Malam Sabi'u ce ta gaya min, ta riƙe hannuwana biyu tun kafin ta buɗe baki.

Na iso Kano ranar sadakar uku. Layinmu cike da motoci, an kafa rumfa a ƙofar gida, maza na zaune a kan tabarmi. Cikin gida matan da suka ce kada a bar ni in tafi su suka fara rungume ni, wasu da zuciya ɗaya, wasu suna kallona irin kallon da ba sai an fassara ba. Yaya Kabiru ya rame har na kusa kasa gane shi. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ai Saudatu ta yi iya ƙoƙarinta, jirgi ne ba ta samu ba.

Sai bayan kwana bakwai, da baƙi suka ragu, na samu Hajiya ita kaɗai a ɗakinta da hantsi, tana zaune a kan darduma cikin kayan takaba. Na zauna a gabanta na gaya mata. Na ce akwai kujera tun Larabar farko, an riƙe min ita har ƙarfe biyar, kuɗin na jakata, na zauna a benci na bar ta ta wuce. Da na hau, da na yi kwana goma tare da shi. Na gaya mata Nasiru, na gaya mata ƙaryar da na yi wa Yaya.

Ta ci gaba da jan carbinta. Na so ta yi min faɗa, ko ta ce ƙaddara ce kamar yadda kowa ke cewa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce da na sayi tikitin nan da kuɗin makaranta, da Baba ya yi min faɗan da bai taɓa yi min ba. Ta ɗan tsaya, ta ce amma da ya gan ki. Muka yi kuka tare, ba mai rarrashin wani. Da ta share fuska ta ce, "Ni na ji, ya tsaya a nan. Kada ki gaya wa yayanki. Shi ya riƙa tayar da Babanku zaune."

Na koma Malesiya bayan arba'in. Yaya ne ya nemo kuɗin zangon ƙarshe, bai taɓa gaya min ta yaya ba. Na gama, na dawo, yau shekaru ke nan ina aiki a wani asibiti a cikin gari. Hajiya ma ta bi Baba. Ni da Yaya muka rage, yana zaune a gidan da iyalinsa, ina zuwa duk ƙarshen mako. Wani lokaci hira kan kai mu Alƙahira, sai ya juya ga 'ya'yansa ya ce gwaggonku ta sha wuya a tafiyar nan, jirage ne duk suka cika. Ni kuma sai in sunkuyar da kai in ce haka ne, Yaya.